Gurbin Suna

Ranar cike takardar jarrabawar fita firamare,
Malam Yahuza ya ɗora yatsa a ƙasan shafi:
"Nan, sunan mai ɗaukar nauyinki."
Gurbin bai kai tsawon ɗan yatsana ba.
Na riƙe biro har tafina ya yi gumi.

Baba na Ikko tun ina aji biyu,
saƙonsa kan zo da Sallah,
wata Sallar ya ɓata a hanya.

To wa zan rubuta?

Akwai Sambo tela, na kwanar gidanmu a Tudun Jukun,
da ya warware kalmasar rigata sau huɗu,
duk shekara ya sako yatsa biyu na yadi,
shuɗin ƙasa ya fi na sama duhu,
har ana iya ƙirga ajina a bakin rigata.
Bai taɓa cewa nawa ba.
"Juya," kawai yake cewa, allura a leɓe.

Iya Kuluwa mai ƙosai ba ta san boko ba,
amma sai ta goge hannu a zane
ta amshi littafina kamar mai karɓar jariri.
Jan biro take bi.
In ya yi ƙugiya, ƙosai biyar da yaji.
In ya yi sawun kaza, ta tsuke baki:
"Kaji sun yi ɓarna a gonar nan, Shatu."
Duk da haka biyar ɗin take ba ni,
sai dai ba yaji.

Wuta ta ɗauke, mu bakwai kan bencin Barau mai shayi,
fitila ɗaya, hayaƙi na cizon ido,
ya hana manya hirar ƙwallo
har mu gama bakwai sau takwas.
Mama Nkechi ta Sabon Gari kuwa
ta rubuta bashin littattafaina da fensir,
kuma fensir, kin sani, gogewa yake.

Ba zan ɓoye Gambo ba.
Tsohuwar nan ta bakin famfo,
ranar da muka gudu bakin Kubanni tsinkar mangwaro
labari ya riga ni isa zaure.
Wata uku ban gaishe ta ba.
Ita ce ta tsaya a ƙofar aji da lema
ranar da ruwa ya kwashe kwanon makaranta,
ta kai mu gida ɗaya-ɗaya,
tana zagin kowa da sunan kakarsa.

Sai na duƙa na matse baƙaƙe,
na rubuta: Tudun Jukun.

Malam ya daɗe yana kallo.
Ya ce, "Unguwa ba mutum ba ce,
can Kaduna ba za su karɓa ba."
Ya ja layi, ya sa sunan Baba a sama.
Sannan ya laluba aljihun gaba
ya cika abin da ya rage na kuɗin takardar,
shi ma bai samu gurbi ba.

Yau ni ke riƙe da rajista a aji huɗu.
Akwai yaro, Ɗanjuma, baƙo ne,
sun sauka da damina daga wani gari da ba ya faɗin sunansa.
Yana zama a ƙarshen benci, rabin jiki a waje,
kamar mai jiran a ce tashi.
Ya iya lissafi, amma muryarsa ba ta wuce haɓarsa.
Wandonsa ya tsaya a ƙwauri.
Ba wanda zai kai ƙararsa gida in ya gudu,
wannan ya fi wandon damuna.

Sambo ya rasu, Allah ya jiƙansa,
keken na hannun ɗansa Lawandi, a kwanar nan dai.
Jiya bayan tashi na kama hannun yaron,
muka bi ta gaban kaskon da jikar Iya ke juyawa,
na faɗi sunansa da ƙarfi don ta riƙe.

Lawandi ya dubi ƙwaurin, ya dube ni,
bai tambayi ɗan wa ne ba.
Ya sa allura a leɓe.

"Juya."