Sandar Fitila

A Daegu nake koyar da lissafi.
Ran Talata na kama Bo-ram
ta ɓoye hoton mawaƙi a littafi,
gashinsa kamar an tsoma a zoɓo.
Na ƙwace. Ta yi kuka har da majina.

Da dare, tukunyar shinkafa na huci,
sai ga bakina yana bin waƙarsa,
ko kalma ɗaya ban gane ba.
Haba Lantana, da girmanki!

Asabar ana yayyafi,
layin tikiti har bakin kasuwa.
Wa zan gani? Tsohuwa Ok-sun, mai gidan hayata,
riƙe da sandar fitila.
Ta kashe min ido.

Litinin na mayar wa Bo-ram hotonta.
Nawa yana jaka,
kusa da carbi.