Farcen Aro

A shagon Barira, can Gandun Albasa,
farata goma na kwance a tire
kamar 'ya'yan kabewa da aka rina ja.

Da alwalata na zo.
Na miƙa hannun da omo ya cinye,
ta goge, ta ɗiga gam, ta danna:
"Kar ki motsa, Saude."

Dubu biyu da ɗari biyar.
Na kasa ɗaura zani,
na kasa tsinto canjin mai adaidaita,
sai dariya.

A wurin dina na riƙe kofi
kamar ban taɓa kankare tukunya ba.

Kafin assalatu na jiƙa su a ruwan ɗumi,
ɗaya bayan ɗaya suka saki.
Na adana su a gwangwanin man shafawa,
na yi alwala da nawa na gado.