Zoben da Ke Juyawa

Ƙarfe goma na dare, Agege, hawa na biyu.
Yau Nepa ta yi mana karamci,
janaretan Obinna ya samu hutu,
amma zoben nan na tsakiyar allo
yana ta juyawa, yana ta juyawa,
kamar danfon da ya rasa mafita a Oshodi.

Takarda ɗaya tal zan tura Apapa,
lissafin buhun citta arba'in da bakwai,
kafin gari ya waye.
Datar wata guda na saya shekaranjiya,
har yanzu aljihuna bai daina tsami ba.

Na kira Gambo na Ikeja, likitan wayoyi.
Ya ce cikin hamma: "Zare ta daga bango,
ƙirga talatin, ka mayar."
Na zare. Na ƙirga da Hausa,
na sake da Yarabancin da na tsinta a kasuwa,
na maƙale a sha bakwai.
Na mayar.
Zobe bai san an yi ba.

"To ina ka ajiye rautar?"
Na bi igiyar kamar mai bin sawun ɓarawo,
ta bayan firji, ta ƙarƙashin tebur,
har cikin kabad ɗin tukwane.
Ga ta nan kwance, an kifa mata faranti.
Aikin Gwaggo Ladidi ne,
da ta zo ganin likitan ƙafa a Idi-Araba.
Ta ce ƙyaftawar idon abin nan
ita ke hana ta barci.

Na ciro ta, na goge mata ƙanshin daddawa,
na ɗora ta can saman kabad,
na miƙe mata kunnuwa kamar zomon da ya ji motsi.
Kore, kore, kore, fitilu suka jeru.
An samu sauƙi, ba zan yi ƙarya ba:
hawainiya ta zama kunkuru.

Gambo ya ce: "Saura ɗaya.
Shiga cikinta ka ga wa ke cin tuwo da kai."
Na kwafi lambobin da ke ƙasanta,
na ɗaga gilashi, na sauke gilashi,
ƙofa ta buɗe.

Ashirin da uku.
Mu a gidan nan waya huɗu gare mu, da kwamfuta ɗaya.
Ashirin da uku, jama'a,
har da talabijin ɗin da ban taɓa saya ba.

Laifin wa?
Kalmar sirrin sunan 'yata ce, Barira,
sunan da ake kwaɗawa a benen nan tun asuba,
Barira zo, Barira sauko, Barira ina takalminki.
A Legas bango ba ya riƙe amana,
balle sirrin da ke yawo da ƙafafunsa.

Na canza ta.
Takarda ta isa Apapa kafin in gyara zama.

Sai na ji tsaki daga matakala.
Wani ya amsa daga hawa na uku,
wani daga shagon ƙasa,
kamar farkon ruwan sama a kan kwano.
Aka rufe ƙofofi ɗaya bayan ɗaya.
Ni da saurin da na ƙwato
muka zauna muna kallon juna.

Da safe Iya Morenike,
wadda ke ƙulle wa Barira alala kyauta,
ta amsa gaisuwata da rabin baki.
Ɗanta Dayo na zaune a matakala ta shida,
inda sabis ya fi ƙarfi,
da littafin jarrabawa a cinyarsa
da wayar da gilashinta ya tsage.
Bai ce komai ba. Ya matsa mini in wuce.

Na rubuta sabuwar kalmar a bayan rasit ɗin citta.
Yau kwana uku tana aljihun gabana,
gumi ya fara cinye harafin ƙarshe.
Gambo ya ce kada in kuskura.
Gwaggo kuwa tambayarta ɗaya:
yaushe za a mayar da farantin?