Ƙarƙashin Daɓe

Sun aiko yaro tun da hantsi:
Labbo, zo da guduma,
saura kwana tara a ɗaga labule,
katakon tsakiya na kuka in an taka.
Na ce ai ba yau ya fara ba,
tun ina riƙe wa Baba ƙusa a leɓe
yake wannan ƙorafi.

Na ratso ta Rijiyar Ɗorawa, rana na dukan ƙeya,
na tarar an cika allon bakin ƙofa
da alli, hannun mai gaggawa:
Jumma'a, mai gishirin da ya rantse a kan mudu.
Asabar, 'yan makaranta daga Kware
da rigimar majema da maƙwabtansu.
Lahadi an bar ta fili,
wai marubucin bai yanke wanda zai mutu ba.

Na ɓamɓare katako na fari.
Abin da ke ƙasa ya fi na sama yawa:
gemun auduga, ɓera ya ci rabi,
maɓallin kakin ɗan doka,
tikitin sule biyu da ya koma launin shayi,
da takalmi wari guda.
Na san mai shi.

Arzika ne, Allah ya jiƙan rai.
Shekarar da ya fito a alƙalin ƙauye
ya daka tsalle zai cafke ɓarawon tunkiya,
daɓe ya haɗiye masa ƙafa har gwiwa.
Ko gezau. Ya dubi jama'a ya ce:
"Kun gani? Hukuncin ga, har ƙasa ta ɗaukaka ƙara!"
Mata suka faɗi a kan juna,
mai gyaɗa ya zubar da faranti.
Baba kuwa na ƙarƙashi da fitilar ƙwai,
ya tallabe ƙafar alƙali da hannu biyu,
yana zagin gara a hankali.

Labulen nan da kuke gani
buhunan sukari ne goma sha bakwai.
Tumba ta ɗinke su da zaren hannu,
ta kai marina sau uku kafin su yarda su yi baƙi.
Yanzu ido ya tafi, gwiwa ta bi shi,
amma ta aiko jika:
a ajiye mata kujera kusa da ƙofa,
ta ce wasa da kunne ake ganinsa.

Ina cikin auna katako
wata yarinya ta tsaya a kaina,
takarda a hannu, leɓe na rawa.
"Baba Labbo, in wuta ta ɗauke,
ina zan tsaya muryata ta kai baya?"
Na ce ɗiyata, ƙirga uku daga hagu.
Nan Baba ya jera tuluna, baki sama,
babu ruwa a ciki, babu hatsi,
murya kawai suke sha, su mayar.
Ta taka, ta ce "Salamu alaikum."
Bangon ƙarshe ya amsa.
Ta toshe baki, ta sake faɗi.

Ƙusa arba'in da biyu na buga kafin la'asar.
Na sauya huɗu da gara ta cinye,
na shafe sauran da baƙin mai.
Na tsakiyar kuwa na ƙyale shi.
Su ba su sani ba:
a cikin duhu, da kukansa ɗan wasa ke gane
saura taki biyu ya faɗa kan 'yan kallo.

Takalmin na mayar inda na same shi.

Ran Jumma'a kada ku neme ni a benci.
Sakkwato za ta zauna a gaba, da fanka da goro,
ni ina ƙasa, inda Baba ya zauna,
tocila a cinya, guduma a gefe,
ina sauraron wasan ta tafin ƙafa:
wannan na tsoro, wannan ya manta baitinsa,
wannan, mai nauyin diddige,
in ya daɗe a kai,
wata rana zai bar mana takalmi.