Gaba Goma Sha Ɗaya

A Sandamu, bayan gidan Tanimu,
na sauka da igiya a ƙugu.
Gaba biyun farko rairayi ne,
yana zubo mini ta wuyan riga.
Sai jar ƙasa mai taurin kai,
sai marmara da ta cinye bakin diga,
sau uku ina aika wa maƙeri.

Ubana ne ya haƙa ta maƙwabta,
a gaba shida ya jiƙa gwiwa.
Ni na wuce shida, na wuce takwas,
ina shinshina ƙasa kamar mai sayen daddawa.

Ruwan ai bai ƙi zuwa ba.
Yana sauka da marka, ya tarar
ba gawo, ba kalgo da zai ce masa zauna,
sai ya kwashi rabin gonar Hanne, ya bi kwazazzabo,
ya kai wa fadamar wasu.

Yau da la'asar, a sha ɗaya,
yumɓu ya yi sanyi a tafin hannuna.
Ban yi kira ba tukuna.
Na tsuguna a duhu, sama ta koma faifai,
ina jin sa yana tsattsafowa
a hankali, mai kunyar dawowa gida.