Kunnen Tankari

A Tawa, bayan tashar mota,
inda ƴan kabu-kabu ke raba inuwa,
akwai rumfar kwano, taku uku faɗinta,
wayoyi arba'in a kwance suna shan wuta,
Tankari a tsakiya, kamar makiyayi bakin rijiya.

Dala ashirin, ya cika maka kati da waƙa.
Amma ba katin ke kai mu ba.
Bakinsa muke bi,
shi kuwa bakin ba na sayarwa ba ne.

Ji na farko, ba ya cewa komai.
Na biyu ma shiru, sai dai ka duba ƙafarsa,
ko tana taɓa ƙasa, ko ta ƙi.
A na uku yake zare abin kunne,
ya kurɓi shayin da ya daɗe da hucewa,
sannan ya dube ka.

Ran da na kai masa tawa,
buhu huɗu na albasa na sayar
kafin na biya situdiyo a Yamai.
Na tsaya, ƙirji a gaba, ina jiran kirari.

Ya ce, "Arzika, gurmin nan wa ya kaɗa?"
Na ce Nomau ne, na Bilbis.
"To, Nomau ya yi waƙa. Kai kana ina?
Na ji inji yana kuka da sunanka,
kai ban ji ka ba.
Baiti na biyu rigar aro ce,
hannunta ya fi naka tsawo.
Kai da ke cewa tahi da hwaɗi a gidanku,
wa ya kankare maka harshe a hanya?"

Wata biyu ban bi ta layin ba.
Na koma tsallaken titi, rumfar Bizo,
wanda kowace waƙa wuta ce a bakinsa
muddin jika ta sauka kan tebur.
Can ake jin wace ƴar fim ta baro gidan miji,
wane mawaƙi ne motarsa ta bashi ce,
wa ta shafa mai ta wayi gari fara.
Ka tashi da ciki fam, kamar ka sha kumfa,
ka isa gida ko amshi ɗaya bai biyo ka ba.

Tankari, in an kawo masa irin wannan,
sai ya ce, "Aurenta ban gani ba, fim ɗinta na gani.
Wurin da uwar ta rasu, ba ta yi kuka ba,
tabarma kawai ta naɗe, a hankali.
Ku koma ku kalli hannun nan."
Muka koma. Fada ta yi tsit.

Ya taɓa kushe waƙar Zali, ƴar Keita,
ya ce muryar ba ta nuna ba.
Bayan sati uku ya tsayar da hira,
"Jama'a, kunnena ne ya yi gaggawa.
Yarinyar nan ta san inda take shaƙar numfashi."
Ya zuba ta a kowane kati,
ko dala bai ƙara wa kowa ba.

Yau ga ni na dawo.
Wannan a tsakar gida muka ɗauke ta, da dare,
ni da Nomau da wayar ƙanena.
Babu inji. Akwai akuyar maƙwabta
da ta sa baki a ƙarshen amshi, na bar ta.
Na faɗi tahi yadda innata ke faɗi.

Kuran ya ɗauke, wayoyin duk sun yi duhu,
fankar ta tsaya, zufa na bin wuyana.
Bizo yana ɗaga mini hannu daga tsallake.
Tankari yana kan ji na biyu,
idonsa a rufe.
Ni dai ƙafarsa nake kallo.