Hawa na Tara, Gldani

Tetri goma lif ɗinmu ke haɗiya kafin ya motsa.
Ba sani ba sabo.
Ko Lamara, da ta shekara arba'in tana hawansa,
sai ta zura masa rabonsa,
ta auna masa zagi,
sannan su tashi sama tare.

Nan jirgin ƙarƙashin ƙasa ke ƙure tafiyarsa.
Da magariba ya amayo mu,
mu watse cikin benaye masu kama ɗaya
kamar haƙoran mataji.
Baƙo kan ɓata. Mu ba ma ɓata:
namu ne wanda inabi ya naɗe har hawa na huɗu.
Guram ya dasa shi a shekarun duhu,
lokacin da muka ƙona kujeru don jin ɗumi,
ya ce in babu wuta, a samu inuwa.

Kowa ya ƙara wa gidansa ɗaki a kan iska,
wannan da jan bulo, wancan da kwanon rufi,
har benen ya koma rigar faci.
Mutanen tsakiyar Tbilisi in sun wuce sukan taɓe baki.
Su taɓe. Ba a bakinsu muke shanya ba.

Da sassafe Tsiala ke tsaga barci:
Matsoniii!
Kwanduna su sauko da igiya daga tagogi,
su koma da kindirmo a kwalba.
A kwanar titi Otar ya dulmiya kansa cikin tanda,
ƙafafu a sama,
ya fito da gurasa mai siffar kwalekwale,
gashin girarsa ya daɗe da yin sallama.
Bayan gareji tsofaffi huɗu na buga nardi
a kan motar da ta manta tana da taya.

'Yar Lamara na Atina tana jinyar uwar wasu.
Kuɗi na zuwa duk wata.
Ita ce dai ba ta zuwa.

Ranar da Lamara ta cika,
akwatinta ya ƙi shiga lif.
Mu shida muka saɓa ta, muka bi matakala.
Kowane hawa ƙofofi a buɗe,
har wadda suka shekara bakwai ba sa ga maciji
kan ɗigar ruwan banɗaki
ta tsaya riƙe da kyandir, haɓarta na rawa.
Ba ta da nauyi, amma sau tara muka huta.

Da muka dawo share ɗakin
na tarar da gwangwanin shayi a bayan ƙofa,
cike fal da tetri goma-goma.
Na ajiye shi ƙasa, gefen lif.
Wata uku ke nan duk benen
da kuɗinta muke hawa,
kuma ba wanda ke mantawa da zagin.